Kafin a Sayi Gaban Layi, a Duba Gidan da Yaron Zai Shiga

Daga ranar da aka buga Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, a watan Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu, lokacin da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa, babu wasa ko ɗaya a gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, amma a wannan tsakanin ne magoya baya suka fi tayar da jijiyar wuya. Musun ba ya canzawa. Wane ne cikin samarin da ke fitowa daga jami'a zai zama kwatabak na gaske, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, kuma nawa ƙungiyarmu za ta biya ta tsallake layi ta ɗauke shi kafin wata ta riga ta? A taron gwajin da ake yi a Indianapolis ana auna yaro tun daga tsayinsa har faɗin tafin hannunsa, kuma kowane inci sai ya zama abin gardama. A 2022 an kwashe makonni ana cece-kuce a kan hannun Kenny Pickett mai inci takwas da rabi, wai ƙwallo za ta riƙa kuɓuce masa idan ana sanyi. A 2023 tsayin Bryce Young aka sa a gaba, ƙafa biyar da inci goma. Mutumin da bai taɓa zama ya kalli yaro ya buga wasa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, sai guntun bidiyo na minti uku da aka tsince mafi kyawun jifansa, shi ne zai rantse maka cewa wannan ne mai ceton ƙungiya, a ba da komai a hau gaba.

Abin da ke damuna a wannan musu shi ne dukansa a kan yaron yake. Ƙarfin hannunsa, saurin ƙafarsa, yadda yake karanta fili. Da wuya ka ji an tambayi wane irin gida za a kai shi, wa zai koyar da shi, su wa za su kare shi, wa zai jefa wa ƙwallon. Alhali farashin da ake biya a hau gaba daga jikin wannan gidan ake yanko shi. Don haka ra'ayina a fili yake: ƙungiyar da ba ta da ƙarfi, idan ta ba da guraben zagayen farko na shekaru masu zuwa don ta ɗauki kwatabak, ta cuci kanta, ta kuma fi cutar yaron da take cewa tana so.

Ga wanda ya saba da ƙwallon Turai, tsarin yana buƙatar ɗan bayani. A NFL ba a zuwa da jakar kuɗi a sayo matashi daga wata makarantar horo. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma sau ɗaya a shekara suke zama su raba 'yan wasan da suka gama buga wa jami'o'i, zagaye bakwai, kowace ƙungiya da gurbinta a kowane zagaye. Wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, zakara kuma ita ce ta ƙarshe. Gurbin nan dukiya ne. Ana musayarsa da wani gurbin, ana musayarsa da ɗan wasa, har na baɗi da na baɗin baɗaɗa ana iya bayarwa tun yau. Shi kuwa kwatabak, shi ke karɓar ƙwallo a kusan kowane hari, ya dubi yadda abokan hamayya suka jera, ya yanke shawara, ya jefa cikin daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku, kafin ƙatti masu nauyin kilo 120 ko fiye su iso kansa. Mutum biyar ne ke tsaye a gabansa suna tare masa su. In ɗaya daga cikin biyar ɗin ya kasa, duk basirar kwatabak a ƙasa za ta ƙare.

Ban raina masu wannan kwaɗayi ba, don ruwa ba ya tsami banza. Babu ƙungiyar da ke daɗewa a sama ba tare da kwatabak nagari ba, kuma samun sa yana matashi riba ce mai yawa. Kafin yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa a 2011, sabon shiga na iya karɓar kuɗin da ya fi na tsofaffin hannu. Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya sa hannu a kan dala miliyan 78, da tabbacin miliyan 50 ko ya buga ko bai buga ba. Cam Newton da ya biyo shi a 2011 kusan miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Tun daga nan albashin sababbi ya zama ƙayyadadde, na gogaggu kuwa sai hawa yake. A 2024 Dak Prescott ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 60 a shekara da Dallas Cowboys, a kakar da iyakar abin da aka yarda ƙungiya ta kashe wa dukan 'yan wasanta ta ɗan haura miliyan 255. Ka ga ke nan, wanda ya dace da yaro mai kyau yana da shekara huɗu ko biyar yana biyan sa kaɗan, yana zuba ragowar kuɗin a sauran wurare. Haka Seattle ta ci kofi da Russell Wilson a kakarsa ta biyu. Kowane manaja da wannan lissafin yake kwana. Matsalar ita ce lissafin yana aiki ne in akwai ƙungiyar da za a zuba wa ragowar kuɗin da sababbin jini da za su cike ta.

Carolina Panthers ce misalin da ya fi tsaya mini a rai. A watan Maris na 2023 suna da gurbi na tara. Suka je wa Chicago Bears, mai gurbi na ɗaya, suka ba ta na taran, da wani na zagaye na biyu a wannan shekarar, da na zagayen farko na 2024, da na zagaye na biyu na 2025. Duk wannan bai isa ba, sai da suka haɗa da DJ Moore, wanda ya fi kowa iya cafe ƙwallo a ƙungiyar. A nan ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani. Za ka ɗauko yaron da aikinsa jifa ne, kuma a cikin kuɗin sayen sa ka haɗa da mutumin da zai jefa wa. Suka ɗauki Bryce Young na jami'ar Alabama, wanda ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 2021, yaro mai nutsuwa da kaifin gani, wanda a Alabama ya saba wasa da zaratan da suka fi abokan karawarsu kusan kowane mako.

Wanda ya kalli wasannin Carolina na wannan kakar ya san abin da ya biyo baya. Young zai karɓi ƙwallo, ya ja baya taku uku, ya ɗaga kai, babu wanda ya kuɓuce wa mai tsaronsa a fili. Kafin ya juya ya duba ɗaya gefen, tsakiyar katangarsa ta riga ta ɓalle, wani ƙato ya rufe shi. Ya tashi, ya karkaɗe jiki, a sake jerawa, a sake maimaitawa. Sau 62 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu a wannan kakar. Ƙungiyar ta ci wasa biyu, ta sha kashi a goma sha biyar. An kori koci Frank Reich bayan wasa goma sha ɗaya kacal, an kori manaja Scott Fitterer a watan Janairu. Tsarin NFL yana da ta'aziyya ga wanda ya zo na ƙarshe, wato gurbi na ɗaya a zaɓe mai zuwa, amma Carolina ta riga ta sayar da ta'aziyyarta. Chicago ce ta karɓa, ta ɗauki Caleb Williams da shi. Bayan wasa biyu a kakar 2024 aka ajiye Young a benci, kafin daga baya ya dawo ya fara farfaɗowa. Wannan ciniki ya yi kama da na mutumin da ya sayar da rumbunsa ya sayi ingarma, ya kawo shi gida babu dawar da zai ba shi, sannan ya riƙa cewa dokin ba ya gudu.

Da yawa sun ce laifin Carolina ɗaya ne, ta ɗauki Young ta bar C.J. Stroud, wanda Houston ta ɗauka a gurbi na biyu ya kuma zama gwarzon sababbin 'yan wasan hari na 2023. Ban yarda cewa nan ne duk matsalar take ba. Gurbin da Houston ta ɗauki Stroud da shi nata ne, ba saya ta yi ba. Ya tarar da Laremy Tunsil yana kare masa gefen hagu, ya tarar da Nico Collins yana jiran jifa. Da an kai Stroud Carolina ta 2023, babu Moore, babu kariya, koci na shirin tafiya, ina da yaƙinin da shi ma ya ɗanɗana kuɗarsa.

Tun kafin Carolina, Washinton ta bi wannan hanyar. A 2012 ta ba St. Louis Rams gurabe uku na zagayen farko, na 2012 da 2013 da 2014, da ɗaya na zagaye na biyu, don ta tashi daga na shida zuwa na biyu ta ɗauki Robert Griffin III. Shekarar farko kowa ya ce cinikin ya yi. Yaron ya yi wasa kamar walƙiya, ya kai su zagayen sili ɗaya ƙwale. To amma a wasan Janairun 2013 da Seattle an bar shi a fili yana ɗingishi da gwiwar da ta riga ta samu rauni tun watan Disamba. A ƙarshen wasan aka miƙo masa ƙwallo ƙasa-ƙasa, ya sunkuya zai ɗauka, gwiwar ta lanƙwashe, ya zube ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Bai sake komawa yadda yake ba. Ni a ganina tsadar da aka saye shi da ita tana cikin abin da ya hana a cire shi a ranar. Wanda aka ba da shekara uku saboda shi, ba a iya cewa ya zauna ya huta, don kowa na son ganin abin da ya biya tun yanzu. Da ƙungiyar ta koma shan kashi a 2013, gurbinta na 2014 ya zama na biyu, kuma Rams ce ta mora. A watan Disambar 2014 da ƙungiyoyin biyu suka haɗu, kocin Rams Jeff Fisher ya turo 'yan wasa shida da suka samu ta hanyar wannan cinikin su wakilce su wajen jefa kwabo. Wani abin lura kuma, a wannan zaɓen na 2012 ɗin dai Washinton ta ɗauki Kirk Cousins a zagaye na huɗu, kuma shi ya gaji wurin.

Na san amsar da ake bayarwa, suna ɗaya ne: Patrick Mahomes. Kuma amsa ce mai nauyi, don haka ya kamata a dube ta da kyau. Daren 27 ga Afrilun 2017 ne, a Filadelfiya, a nan wajenmu an wuce ƙarfe ɗaya na dare. Kansas City Chiefs tana can gurbi na 27, sai aka sanar cewa ta yi ciniki da Buffalo ta hau na goma don ta ɗauki Mahomes. Ta ba da na 27 ɗin, da ɗaya na zagaye na uku, da na zagayen farko na 2018. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: jifa 50 masu ci a kakar 2018, gwarzon ɗan wasan gasa, sannan kofin Super Bowl a 2020 da 2023 da 2024.

Sai dai masu kawo wannan misali suna tsallake rabin labarin. Kansas City da ta hau gaba ƙungiya ce da ta ci wasa 12 cikin 16 a kakar 2016. Kocinta Andy Reid ne, wanda ya shafe shekaru yana renon masu jifa kuma babu mai shirin korar sa. Travis Kelce da Tyreek Hill suna nan suna jiran wanda zai jefa musu. Akwai Alex Smith, gogaggen kwatabak da ke cin wasa, saboda haka Mahomes ya zauna kusan kakar farko gaba ɗaya yana kallo yana koyo, wasa ɗaya tak ya fara, na ƙarshen kaka. Gurbin 2018 da suka bayar kuwa sun san a ƙasa zai faɗo, tun da ba su da niyyar shan kashi, kuma na 22 ya zama. Wannan ciniki ne na mai wadata da ya ɗebi kaɗan daga abin da yake da shi. Wanda ya ɗauki sunan Mahomes ya kafa hujja da shi ga ƙungiyar da ta ci wasa huɗu ko biyar bara, ya kwatanta abubuwa biyu da ba su da alaƙa.

Akwai kuma abin da ya faru a wannan daren kafin a kai gurbi na goma. Chicago ta ba San Francisco gurabe uku na tsakiya don ta matsa taku ɗaya kacal, daga na uku zuwa na biyu, ta ɗauki Mitchell Trubisky, wanda wasa 13 kawai ya fara a jami'ar North Carolina. Mutanen da suka yanke wannan shawara aikinsu ke nan dare da rana. Suna da masu leƙen asiri a kowace jiha, sun kalli kowane jifa, sun zauna da yaran sun yi musu tambayoyi. Duk da haka Mahomes yana zaune aka kira sunaye tara kafin nasa. In ƙwararru na iya kuskure irin wannan, da wane tabbaci mai goyon baya ke cewa a jinginar da shekara biyu a kan yaro ɗaya?

Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun yi nazarin zaɓukan NFL na shekaru masu yawa. Sun gano cewa ƙungiyoyi na biyan guraben sama fiye da darajarsu, kuma in ka ɗauki 'yan wasa biyu masu matsayi ɗaya da aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, damar cewa na farkon zai fi na biyun kyau kusan kashi 52 ne cikin ɗari. Tarihin gasar ya goyi bayansu. Tom Brady, mai kofi bakwai, a gurbi na 199 aka ɗauke shi a 2000. Joe Montana a zagaye na uku aka same shi, haka Russell Wilson. Prescott a na huɗu. Jalen Hurts, wanda ya doke Mahomes a Super Bowl na Fabrairun 2025, a zagaye na biyu. A ɗaya gefen kuma ga Ryan Leaf, wanda San Diego ta ba da gurabe da 'yan wasa ta hau na biyu saboda shi a 1998, a shekarar da ake ta musu ko shi ya fi ko Peyton Manning. Ba ina cewa guraben sama banza ba ne, akasarin manyan masu jifa daga zagayen farko suka fito. Abin da nake cewa shi ne idan sanin gaibu ya gagara, mai gurabe da yawa ya fi mai gurbi ɗaya damar dacewa, kuma hawa gaba shi ne mayar da gurabe da yawa su koma ɗaya.

San Francisco 49ers ta nuna fuskoki biyun lokaci guda. A 2021 ta tashi daga na 12 zuwa na uku, ta ba Miami guraben zagayen farko na 2022 da 2023 da wani na zagaye na uku, ta ɗauki Trey Lance, wanda cikakkiyar kaka ɗaya kawai ya buga a North Dakota State. Wasa huɗu ya fara musu. Ya karye a idon sawu a mako na biyu na 2022, a watan Agustan 2023 aka miƙa shi Dallas a kan gurbin zagaye na huɗu. A nan gida mai kyau ne, kuma duk da haka abin bai yi ba, don haka ko mai wadata ba shi da tabbas. Amma dubi abin da ya cece su. Brock Purdy, mutum na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022, ya shiga wannan gida mai koci Kyle Shanahan, da Trent Williams a katanga, da George Kittle da Deebo Samuel da Christian McCaffrey a hari, ya kai su Super Bowl, inda sai a ƙarin lokaci Kansas City ta doke su da 25 da 22. Ƙungiya mai ƙarfi ta yi asarar gurabe uku ta ci gaba da tafiya. Carolina ta yi makamanciyar asarar ta faɗa ƙasan tebur.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, shi ne su wa ke yanke wannan shawara da halin da suke ciki. Manajan da ya yi shekara uku ba nasara ya san kwanansa ya kusa ƙarewa. Gurbin shekara biyu masu zuwa ba shi da wata daraja a wurinsa, tun da mai yiwuwa wani ne zai zauna a kujerar lokacin. Sabon kwatabak kuwa yana saya masa lokaci, yana ba shi abin da zai gaya wa mai ƙungiya da 'yan jarida: ku yi haƙuri, yaron na koyo. Magoya baya su ma suna tura shi, don rigar sabon tauraro ta fi ɗaukar mai tare gaba daɗin ji a kunne. Idan abin ya lalace, manaja ya tafi, koci ya tafi, sabon koci ya zo ya ce ba shi ya ɗauko wannan yaron ba. Haka ta faru da Josh Rosen. Arizona ta hau daga na 15 zuwa na goma saboda shi a 2018, aka kori mai tsara masa hari a tsakiyar kaka, aka kori koci a ƙarshenta, sabon koci ya ɗauki Kyler Murray, aka tura Rosen Miami bayan shekara ɗaya, yana ɗan shekara 22. Wataƙila da ma ba zai yi kyau ba ko ina aka kai shi. Amma ba a ba shi damar da za a iya yanke wannan hukuncin da adalci ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce yaran da aka yanke wa ƙauna sannan suka tashi bayan an gyara musu gida ko sun koma wani wuri. Jared Goff, wanda Rams ta hau daga na 15 zuwa na ɗaya saboda shi a 2016, ya sha kashi a duk wasa bakwai da ya fara a kakar farko. Aka kawo koci Sean McVay, aka sayo Andrew Whitworth ya tsaya masa a hagu, shekara ta gaba suka ci wasa 11, ta bayanta suka je Super Bowl. Sam Darnold, wanda New York Jets ta ba da gurabe uku na zagaye na biyu saboda shi a 2018, an gama kiran sa asara. A 2024 ya je Minnesota, ya samu koci Kevin O'Connell da Justin Jefferson, suka ci wasa 14, sannan a Fabrairun 2026 ya ɗaga kofin Super Bowl da Seattle. Baker Mayfield ya ga koci huɗu a shekara ukunsa na farko a Cleveland, daga baya ya zauna daram a Tampa Bay. Abin da ya fi ɗaure kai, a kakar 2022 Darnold da Mayfield dukansu a Carolina suke. Ƙungiyar ta dube su ta ce ba su isa ba, ta rabu da su, ta je ta ba da gurabenta da DJ Moore don ta nemo wani. Mutum uku masu basira sun bi ta gida ɗaya sun kasa, biyu sun fita sun yi fice. A nan ya kamata tuhuma ta koma kan gidan.

Za a ce mini, to idan ƙungiya ta jira sai ta gyaru, ai ba za ta ƙara samun gurbin sama ba, ta yaya za ta samu kwatabak? Tambaya ce ta gaskiya. Idan gurbin naka ne, ka sha kashi ka same shi, ka ɗauki yaron, ban hana ba. Haka Cincinnati ta yi da Joe Burrow a 2020, haka Washinton ta yi da Jayden Daniels a 2024, kuma ba su ba da komai ba, sauran gurabensu suna hannunsu. Idan kuma hawan za a yi, akwai hawan da ba ya taɓa gobe. Buffalo ta tashi daga na 12 zuwa na bakwai saboda Josh Allen a 2018 da gurabe biyu na zagaye na biyu, ba ta taɓa na zagayen farko na gaba ba. Allen ya fara da jifa marar saiti, rabinsa da kaɗan ke isa hannun nasu, amma aka bar masa koci ɗaya da mai tsara hari ɗaya shekara huɗu, aka sayo masa Stefon Diggs a 2020, ya zama gwarzon gasa a 2024. Baltimore ta hau gurbi na 32 a wannan daren ta ɗauki Lamar Jackson, ta sake fasalin harinta gaba ɗaya ya dace da ƙafarsa, ya zama gwarzo sau biyu. Green Bay ta matsa daga na 30 zuwa na 26 saboda Jordan Love a 2020, ta bar shi ya zauna shekara uku a bayan Aaron Rodgers, kamar yadda Rodgers ya zauna uku a bayan Brett Favre. Duk waɗannan hawa gaba ne, kuma ina goyon bayansu, domin an biya da abin da za a iya jurewa kuma an tanadar wa yaron wurin zama.

Ko Chicago da ta ci ribar cinikin Carolina sai da ta koyi wannan da wahala. Ta samu Caleb Williams kusan kyauta, ta ba shi Moore da Keenan Allen da Rome Odunze su cafe masa ƙwallo, amma ta bar katangar gabansa da ɓaraka, ta kuma bar shi da kocin da kujerarsa ke rawa. Sau 68 aka kayar da shi a 2024, abin da ya doshi 76 ɗin da David Carr ya sha a Houston a 2002, wanda har yau ba a wuce ba. Aka kori mai tsara hari a watan Nuwamba, aka kori koci Matt Eberflus kafin watan ya fita. A Janairun 2025 suka ɗauko Ben Johnson daga Detroit, a watan Maris suka kawo Joe Thuney da Jonah Jackson da Drew Dalman, mutum uku sababbi a tsakiyar katanga. A kakar 2025 Chicago ce ta zo ta ɗaya a rukuninta. Sun iya yin wannan gyaran cikin watanni ne domin gurabensu da kuɗinsu suna hannunsu, ba su ba da su wajen sayen Williams ba.